Babi na Biyar: Darasin da Ƙwaya Ke Koya wa Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1953, a Jami'ar McGill da ke birnin Montreal na ƙasar Kanada, masu bincike biyu, James Olds da Peter Milner, suka dasa wata siririyar waya a ƙwaƙwalwar wani ɓera. Wayar ta kauce wa inda suka nufa, ta faɗa wani sashe daban. Duk lokacin da ɓeran ya je wata kusurwa ta akwatin gwaji sai su aika masa da ɗan lantarki mai rauni ta wayar. Maimakon ya guji kusurwar, sai ya riƙa komawa can, yana zuwa yana sake zuwa.

Daga nan suka saka wa ɓeraye madanni, suka bar su su riƙa aika wa kansu lantarkin. Wasu suka riƙa dannawa har sau 2,000 a cikin awa guda. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓera mai jin yunwa ya bar abinci a gabansa ya tafi wurin madanni, an ga wanda ya taka dandamalin da ke jan ƙafafunsa da lantarki don kawai ya isa can. Da aka buga sakamakon a 1954, masana suka fahimci cewa akwai wata hanya a cikin ƙwaƙwalwa wadda aikinta shi ne ta sa dabba ta maimaita abin da ta yi. Ita ce ke koya wa ɗan akuya inda nono yake, ta koya wa tsuntsu inda ruwa yake. Kuma ta nan ne ƙwayoyi masu sa jaraba ke shiga.

Yadda koyo ke sauya nama

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da jijiyoyi kimanin biliyan 86, kowace tana magana da dubban 'yan'uwanta. Ba a manne suke da juna ba. Tsakanin jijiya da jijiya akwai ɗan gibi, wato mahaɗa, inda ta farko ke fesa sinadari, ta biyu kuma ta cafke shi da wasu makarɓai da ke jikinta. Tun a 1949 Donald Hebb, wanda a sashensa Olds da Milner suka yi aiki, ya kawo ra'ayin cewa idan wata jijiya ta yawaita tayar da wata, mahaɗar da ke tsakaninsu za ta ƙara ƙarfi, kuma wannan ƙarin ƙarfin shi ne koyo. Sai a 1973 aka samu ƙwaƙƙwarar shaida. Tim Bliss da Terje Lømo, da suka yi aikinsu a birnin Oslo, sun nuna cewa in aka jera wa wata hanyar jijiya a ƙwaƙwalwar zomo bugun lantarki na 'yan daƙiƙoƙi, mahaɗarta takan ci gaba da amsawa da ƙarfi har tsawon sa'o'i. Daga baya aka gano akasin haka ma yana faruwa: mahaɗa takan yi rauni in an daina buƙatarta. Ƙarfafawa da raunanawa, su biyun ne ke sa ƙwaƙwalwa ta zama mai tanƙwaruwa.

Duk wanda ya san gonar da ke kan gangare ya san yadda kwazazzabo ke farawa. Ruwan farko yakan bar ɗan layi a ƙasa. Ruwa na biyu ya bi wannan layin saboda ya fi sauƙin bi, ya ƙara masa zurfi. Kafin 'yan damunu, duk ruwan da ya sauka a gonar can yake nufa. Haka saƙo yake yi a cikin jijiyoyi: hanyar da aka bi jiya ta fi saurin biyuwa yau.

Sai dai dabba tana yin abubuwa dubu a rana, ba kuma dukansu ne suka cancanci a riƙe ba. Dole a samu abin da zai nuna wa ƙwaƙwalwa mahaɗar da za ta ƙarfafa. Wannan aikin na wani sinadari ne mai suna dofamin.

Birai da ruwan 'ya'yan itace

Jijiyoyin da ke samar da dofamin 'yan kaɗan ne, suna cure a can ƙasan tsakiyar ƙwaƙwalwa. Wani gungu daga cikinsu, wanda masana ke taƙaita sunansa da VTA, yana miƙa rassansa zuwa wata cibiya da ake kira akumbens, da kuma sashen da ke bayan goshi, inda ake auna abu kafin a aikata shi. An daɗe ana ɗaukar dofamin a matsayin sinadarin jin daɗi. Wolfram Schultz, wanda ya shafe shekaru a Jami'ar Fribourg ta ƙasar Suwizalan yana sauraren waɗannan jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙwalwar birai, shi ya nuna cewa lamarin ya wuce haka.

In aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki ba tare da ya zata ba, jijiyoyin dofamin sukan yi wuf su tashi. Sai aka fara kunna fitila kafin a ɗiga ruwan. Bayan an maimaita sau da yawa, jijiyoyin suka koma tashi a daidai lokacin da fitila ta kama, in ruwan ya zo kuma ba sa motsi, ko da yake birin yana sha yana lashe baki kamar da. Ranar da aka kunna fitila aka hana ruwan, a daidai daƙiƙar da ya kamata ya zo, sai jijiyoyin suka yi tsit, suka faɗi ƙasa da yadda suka saba.

A 1997 Schultz tare da Peter Dayan da Read Montague suka fayyace ma'anar wannan. Dofamin yana auna tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu. In abin ya fi zato, saƙon shi ne a riƙe duk abin da ya gabace shi: wurin, ƙamshin, sautin, motsin da aka yi. In ya yi daidai da zato, babu sabon darasi. In ya gaza, a rage masa daraja. Hikimar tsarin ita ce yana da iyaka. Da zarar dabba ta gama sanin abincinta da inda yake, dofamin yakan yi shiru.

Ƙwaya ce ke karya wannan iyakar. A 1988 Gaetano Di Chiara da Assunta Imperato, a birnin Cagliari na Italiya, sun auna ruwan ƙwaƙwalwar ɓeraye masu yawo a keji, suka ga hodar iblis, amfetamin, mofin, nikotin ɗin taba da barasa duk suna ɗaga dofamin a akumbens, kowanne ta hanyarsa. Hodar iblis tana toshe mazurarin da ke kwashe dofamin bayan ya gama aiki, sai ya taru. Dangin mofin, waɗanda kodin da tiramol ke cikinsu, suna rufe bakin wasu jijiyoyi masu taka wa jijiyoyin dofamin birki, sai su sake. Nikotin kuwa kai tsaye yake zuga su. Abinci mai daɗi ma yana ɗaga dofamin a wannan cibiya, amma in an maimaita shi tashin yakan ragu. Na ƙwaya ba ya jiran zato, domin sinadari ne ke taɓa jijiyar da kansa. Shi ya sa masana da dama ke ganin cewa kowane sha yana gaya wa ƙwaƙwalwa ƙarya guda: wannan ya fi yadda kika zata, ƙara riƙe shi.

Tabon da ke zama

A 2001 Mark Ungless da abokan aikinsa, ciki har da Robert Malenka da Antonello Bonci, suka yi wa ɓeraye allurar hodar iblis sau ɗaya tak. Washegari suka tarar mahaɗun da ke shiga jijiyoyin dofamin na VTA sun ƙara ƙarfi, irin ƙarfin nan da Bliss da Lømo suka bayyana. Bayan kwana 5 yana nan, zuwa kwana 10 ya gushe. Sha ɗaya ba ya mayar da dabba mai jaraba, amma yana buɗe ƙofa na 'yan kwanaki, kuma in aka sake sha a cikin kwanakin, a kan na farko ake ɗorawa. Bayan shekara biyu aka nuna cewa mofin, nikotin da barasa suna yin haka, haka ma tsananin damuwa. Wannan ya taimaka wajen gane dalilin da ya sa tashin hankali ke tura mutum ga ƙwaya, ya kuma mayar da wanda ya bari.

Wani gwaji na 2008 daga ɗakin binciken Bonci ya ƙara haske. Ɓerayen da suka danna madanni don samun abinci ko sukari, mahaɗunsu sun ƙarfafa na ɗan lokaci sannan suka koma daidai. Waɗanda suka danna don samun hodar iblis, nasu ƙarfin yana nan bayan wata 3 da dainawa. Waɗanda kuwa aka zuba wa hodar a jini ba tare da sun nema da kansu ba, ba su samu wannan sauyi mai ɗorewa ba. Sinadarin shi kaɗai bai isa ba ke nan. Sai ya haɗu da nema, da aikatawa, da sa rai.

Akwai abin da iyaye kan ji daga bakin ɗansu su ɗauka rainin hankali ne: wallahi ba na ma jin daɗinta yanzu, amma na kasa bari. Kent Berridge da Terry Robinson na Jami'ar Michigan sun nuna cewa maganar tana da tushe. Ɓeran da aka kashe wa kusan dukan jijiyoyin dofamin ba ya neman abinci, zai iya mutuwa da yunwa ga tuwonsa a gabansa. Amma in aka ɗiga masa sukari a harshe, yana lasar baki irin ta mai jin daɗi. Ashe kwaɗayin abu da jin daɗinsa hanyoyi biyu ne daban a ƙwaƙwalwa. A 1993 suka bayyana cewa maimaita shan ƙwaya yana kaifafa hanyar kwaɗayi, alhali daɗin yana nan yadda yake ko ma yana raguwa.

Kwaɗayin da ke girma a ɓoye

Hankali zai ba mutum cewa in aka raba mai shaye-shaye da ƙwaya, kullum sha'awarsa raguwa za ta yi. Jeffrey Grimm, Yavin Shaham da abokan aikinsu, a cibiyar binciken miyagun ƙwayoyi ta gwamnatin Amurka da ke Baltimore, sun gwada wannan a 2001. Sun bar ɓeraye suna ba kansu hodar iblis na kwana 10, kowace allura tana zuwa tare da haske da ɗan sauti. Sai aka kwashe su aka mayar da su kejinsu, babu ƙwaya ko kaɗan. Aka dawo da wasu akwatin gwaji bayan kwana 1, wasu bayan mako guda, wasu bayan wata, wasu bayan kwana 60. Madannin ba ya ba da komai yanzu sai hasken da sautin. Waɗanda suka fi daɗewa ba su sha ba su suka fi dannawa, nesa ba kusa ba. An ga irin wannan da heroyin, da nikotin, da barasa, an kuma ga alamunsa a mutanen da suka bar sigari. Marina Wolf da ɗalibanta sun gano a 2008 cewa a cikin makonnin hutun ne mahaɗun akumbens ke cusa wasu sababbin makarɓai masu saurin amsawa. Sai bayan watanni da yawa kwaɗayin ke fara sauka.

Wuri ma darasi ne. Shepard Siegel na Jami'ar McMaster ya saba wa ɓeraye da heroyin a wani ɗaki, sannan ya yi musu babbar allura. A rahotonsa na 1982, kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka yi wa a ɗakin da suka saba ne suka mutu, amma a cikin waɗanda aka yi wa a ɗakin da ba su saba karɓar ƙwayar ba, kashi 64 suka mutu. Jiki yakan koyi alamomin da ke gaban ƙwaya ya ɗaura ɗamarar tare ta. In alamomin ba su zo ba, ko an daɗe ba a sha ba juriyar ta zube, adadin da aka saba sha zai iya kisa. Makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku ko gidan gyaran hali suna cikin mafi haɗari ga mai shan dangin mofin.

Me ya sa ba kowa ba?

Yawancin waɗanda suka taɓa ƙwaya ba sa zama bayinta, haka abin yake ga dabbobi. A birnin Bordeaux na Faransa, Véronique Deroche-Gamonet, David Belin da Pier Vincenzo Piazza suka bar ɓeraye suna shan hodar iblis na kimanin wata 3, suna auna abubuwa uku da likita ke dubawa a jikin mutum. Shin dabbar tana ci gaba da nema ko da an nuna mata babu? Wahala nawa za ta sha don allura guda? Za ta ci gaba ko da lantarki na jan ƙafarta duk lokacin da ta danna? A sakamakon da suka fitar a 2004, kashi 17 cikin 100 ne kawai suka cika sharuɗɗan uku, duk da cewa sauran ma sun sha kusan daidai da su.

A 2010 masu binciken Bordeaux suka leƙa mahaɗun waɗannan dabbobi. Da farkon sha, dukansu sun rasa ikon raunana mahaɗun akumbens. Da tafiya ta yi tafiya, mafi yawansu suka farfaɗo da wannan ikon, suka ci gaba da sha da linzami a hannu. 'Yan tsirarun da suka kamu, nasu bai dawo ba. A ganina nan ne zuciyar lamarin take. Tanƙwaruwar ƙwaƙwalwa ce ke shigar da dabba cikin jaraba, sandarewarta ce ke hana ta fita. Mai jaraba ya san abin yana cutar da shi, yana ganin asarar da idonsa, amma kayan aikin da ke goge tsohon darasi su rubuta sabo sun cije. A 2013 aka ƙara gano cewa a ɓerayen da lantarki ba ya hana su nema, jijiyoyin bayan goshi sun yi sanyi. Da aka tayar da su da hasken da ake aikawa ta siririn zare, sai neman ya ragu. Azaba ba ta shiga inda ya kamata ta shiga, domin sashen da zai auna ta ne ya raunana.

Abin da ke gogayya da ƙwaya

Galibin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan dabba ita kaɗai a akwati, babu abin yi sai danna madanni. Serge Ahmed, shi ma a Bordeaux, ya ba ɓeraye zaɓi tsakanin allurar hodar iblis da ruwa mai zaƙi. A 2007 ya ruwaito cewa kashi 94 cikin 100 sun zaɓi ruwan zaƙin. A 2018 Marco Venniro da Shaham suka sa madanni biyu, ɗaya na ƙwaya, ɗaya na buɗe ƙofa a yi minti guda tare da wani ɓera. Kusan kowane lokaci ɗan'uwa suka zaɓa, har da waɗanda suka nuna alamun kamuwa sosai. In aka jinkirta buɗe ƙofar, sai su koma wa ƙwaya. Wani abin lura kuma, waɗanda suka bar ƙwayar da kansu saboda abokin zama, kwaɗayin nan mai girma a ɓoye bai taso musu ba kamar yadda ya taso wa waɗanda aka raba da ita da ƙarfi.

Birai ma sun ba da shaida. A Jami'ar Wake Forest, ɗakin binciken Michael Nader ya ɗauki birai 20 da ke zaune ɗaiɗai ya haɗa su huɗu-huɗu. Bayan wata 3, waɗanda suka zama manya a rukuninsu, masu samun sarari da kulawar 'yan'uwa, makarɓan dofamin ɗinsu na nau'in D2 sun ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, kuma hodar iblis ba ta ja su sosai ba. Na ƙasa, masu shan tsangwama, su suka fi sha. Matsayi a cikin jama'a ya sauya naman ƙwaƙwalwa cikin 'yan watanni.

Ɓera ba mutum ba ne. Ba shi da imani, ba ya jin kunya, ba ya tunanin aure ko bashi, kuma abokin minti guda ba zai wadatar da saurayin da ya rasa aiki da mutunci ba. Amma hanyoyin jijiyar iri ɗaya ne, kuma abin da suka koya mana ya shafe mu kai tsaye. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu dangin tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba, kuma ɗaya cikin biyar na masu shan ya kai matakin larura. Gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018. Rage samuwar ƙwaya yana da amfani, musamman ga yaran da ba su fara ba, tunda sashen bayan goshi ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Amma haramci ba ya goge abin da ya riga ya rubutu.

A 2019 'yan sanda sun kwance ɗaruruwan mutane daga mari a wasu gidajen gyaran hali a Kaduna da Katsina da wasu garuruwa. Da yawa iyayensu ne suka kai su, cikin ƙauna da rashin sanin yadda za su yi. Abin da aka gani a dabbobi ya nuna illar wannan hanya. Kulle yana raba mutum da ƙwaya, amma a kwanakin kullen ne kwaɗayi ke ƙara kaifi, juriyar jiki kuma tana zubewa. Duka yana ƙara damuwa, damuwar kuma tana ƙarfafa mahaɗun da ake son raunanawa. Sannan a sake shi ya koma lungun da ya saba, da abokan da ya saba, hannu babu sana'a.

Hanyoyin da suka nuna nasara a asibiti suna tafiya ne da yadda ƙwaƙwalwa ke koyo. Ga masu dangin mofin akwai magunguna irin su metadon da bufirenofin, waɗanda ke kwantar da azabar janyewa su ba mutum sararin gyara rayuwarsa. Akwai tsarin da Stephen Higgins ya gwada a Vermont tun farkon shekarun 1990, inda ake ba mai jinya ƙaramar kyauta nan take duk lokacin da gwajin fitsari ya nuna bai sha ba. Akwai koya wa mutum gane alamomin da ke tayar masa da kwaɗayi da abin da zai yi in sun zo. Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow ta ɗauka sun nuna cewa wasu sassan tsarin dofamin na masu shan metamfetamin sun farfaɗo sosai bayan sama da shekara guda da dainawa.

Muna cewa hali zanen dutse ne, amma a wannan fage binciken ya saɓa wa karin maganar: abin da koyo ya rubuta, koyo zai iya rubuta wani a kansa, in an ba shi lokaci da abin da zai koya. Wannan ya ɗora nauyi a kan gida da unguwa da hukuma. Wanda ya bar ƙwaya yana buƙatar likita, yana buƙatar sana'ar da zai tashi dominta da safe, da mutanen da za su zauna da shi yau, ba sai ya shekara yana tabbatar da shiryuwarsa ba. In ya zame ya koma, a san cewa hakan yana cikin yanayin ciwon, a ɗaga shi a ci gaba da magani. Babi na gaba zai duba dalilin da ya sa shekarun samartaka suka fi kowane lokaci haɗari, da abin da iyaye za su iya yi tun kafin a kai ga sha na farko.